Daga Nyanya zuwa Tema Neman Gam

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi da zafinsa ba. Da zarar na zauna a teburin mai shayin bakin tashar Nyanya, kafin a fasa min ƙwai wani ya jawo benci ya ce, "To Habibu, ba mu mu sha." In fara, in kai tsakiya, wani ya iso ya ce a koma farko. Har an samu masu ba da labarin a madadina. An ce wai jirgin ruwa na shiga, wani ma ya rantse da kunnensa ya ji na yi aure a can. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaye ni in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni ɗan Zariya ne, sana'ata yin ambulan. Kawu Ila, yayan mahaifiyata, shi ya koya min yanka takarda da ninke ta da shafa wa bakinta gam. Gam ɗin kuwa shi yake dafa abinsa, ƙaro da ɗan sitaci, a wata baƙar tukunyar ƙarfe da ta girme ni. Lokacin da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni na hana Kawu sakat. Na ce masa ma'aikata ba ta rayuwa sai da takarda, takarda kuma ba ta fita tsirara. Da ƙyar ya yarda. Ya bar matarsa, Inna Mairo, a Zariya, ya ce ba zai ɗauko ta ba sai ya ga kamun ludayin garin. Muka kama shago a Nyanya, muka kama ɗaki a Jikwoyi, inda gonakin doya suka fi gidaje yawa.

Allah ya haɗa mu da Oga Danladi, mutumin Filato, mai kula da sito a ɗaya daga cikin ma'aikatun da suka taso. Shi ya tsaya mana aka ba mu aiki. Duk rani muka yi ta kai ambulan ba wanda ya ce uffan. Sai damina ta faɗi. Ruwan Abuja ba irin na Zariya ba ne, ga sabon gini bai gama bushewa ba, bangon siton kullum kamar yana gumi. Wata safiya Oga Danladi ya aiko in zo. Na tarar da shi tsaye kan kwalayenmu, ya ɗauko ambulan ɗaya ya miƙo min. Ta rufe bakinta gam, ba komai a ciki. Na ɗauki wata, ita ma haka. Waɗanda ba su rufe ba kuwa kyankyasai sun bi layin gam ɗin sun lashe shi tas, sun bar mana kashinsu.

"Habibu, ka kashe ni," in ji shi. "Darakta ya kira ni, ya ce wane ne ya kawo wannan kaya, na ce mutum na ne. Yanzu mutanen Legas suna dariya. Duba wannan."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata ambulan da ta zo daga ƙasar waje. Bakinta ba sheƙin gam irin namu, sai wani siririn farin ƙyalle na takarda a kwance. Ya kama gefensa ya ɓare, ya ninke bakin, ya danna da babban yatsa. Ba ruwa, ba yawu. Na ja, na ja, takardar ta yage amma bakin bai buɗe ba.

"Irin wannan Darakta yake so. In ka kawo kafin ruwa ya ɗauke, aiki naka ne. In ba haka ba, abeg, ba laifi na."

Na kai wa Kawu labari. Ya tashi ya zuba rigunansa a akwatinsa na ƙarfe, ya ɗaure shi da igiya, ya ajiye bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Gam ɗin da ba a dafa ba, ba a lasa ba, kuma ba ya bushewa? Wannan ba gam ba ne, ciwo ne. Mu koma gida tun da sauran mutuncinmu." Na roƙe shi ya ba ni dama ɗaya. Wani dillalin takarda a kasuwar Wuse ya taɓa gaya min akwai kamfani a Tema, kusa da Akara, da ke yin irin wannan tef ɗin a naɗe, kai dai ka saya ka manna wa ambulan ɗinka. Kawu ya ce in je, amma igiyar nan ba zai kwance ta ba. In na dawo hannu rabbana, motar Zariya za mu nema.

Da sassafe na shiga motar Legas. Abin da ya fi ba ni dariya a hanyar nan, duk Najeriya hawowa take yi, ni kaɗai nake gangarawa. Daga Gwagwalada har Lakwaja manyan motoci ne a jere, shaƙe da kabad ɗin ƙarfe da tebura da kujeru ƙafafu a sama. A bayan wata motar na hangi wani ma'aikaci da kwat ɗinsa, zaune kan fayil-fayil, rungume da fanka, fuskarsa kamar wanda za a kai gidan yari. Na ce a raina, bawan Allah, ka yi haƙuri, kai ma ambulan za ka nema in ka isa. A Lakwaja muka ci soyayyen kifi, na ƙona harshe don direba ya fara hon tun ban kai ƙaya ba.

A Legas na ɗan gwada sa'a, ko Allah zai rage min hanya. Ina! Dillalan suna da ambulan ɗin a haɗe, amma da na ce tef ɗin kawai nake so, kuma daga Abuja nake, sai kowa ya tuna yana da wani aiki. Ba su manta da wanda ya karɓe musu ciniki ba. Na wuce tashar motocin iyaka.

A motar nan na haɗu da Hajiya Asabe, Bakatsiniya mai fataucin atamfa, wadda ta biya kuɗin kujera biyu ta kuma cika su. Tun kafin mu bar Legas ta san sunana da na uwata da abin da ya fito da ni. Ta ce, "Ɗana, ƙasa uku za ka ratsa saboda gam? To Allah ya sa ya kama." Daga nan ta ɗauke ni kamar kayanta. A Seme, bakin iyakar Najeriya, ita ta nuna min layin da zan bi da tagar da zan miƙa katin allura. Jami'in da ya karɓi takarduna ya tambayi abin da zan je yi, na ce sayen gam. Ya ɗago ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har da buga tebur, sannan ya buga min hatimi ya ce in na dawo in nuna masa.

Kwatano gari ne na babura. Mata da takalma masu tsini suna tuƙa abinsu, jaka a kafaɗa, ba wanda ya waiwaya sai ni. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, amma in aka tsaga shi aka zuba wake da mai, sai ka manta da ciwon. Abin da ya ɗaure min kai, da rana ta take sai masu shaguna su ja ƙofa su tafi cin abinci da barci, mai saye na tsaye da kuɗinsa. A Kano wanda ya yi haka sai danginsa su fara nema masa magani. Togo kuwa ba ta da faɗi ko kaɗan. Na sayi gyaɗa a iyakar shiga, ban gama ɓare ta ba aka ce ga Lome, ga iyakar fita can. Teku na hannun hagu yana ta tumbatsa, ina ta leƙe har wuyana ya ƙage. A Lome Hajiya ta sauka. Ta kwatanta min masaukinta ta ce lallai in biyo ta nan mu koma tare, ta kuma ba ni sunan wani Alhaji Tanko a unguwar Nima, cikin Akara, ta ce in ce ita ta aiko ni.

Alhaji Tanko dattijo ne fari tas da furfura. Kakansa ya zo daga Kano fataucin goro, shi kuwa ko Seme bai taɓa takawa ba, amma in ya ce "mu Kanawa" sai ka rantse jiya ya baro kasuwar Kurmi. Hausarsa irin ta Oga Danladi ce, har na ji kamar ban yi nisa ba. Hausawan can sun ɗauki wata al'ada ta mutanen ƙasar da ta ba ni mamaki. Aka zaunar da ni, aka kawo ruwa, mutanen gidan suka bi layi suna ba ni hannu daga dama zuwa hagu, sannan Alhaji ya gyara murya ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni, a gaban kowa. A wurinmu ai baƙo sai ya ci ya huta, shi da kansa zai kawo zancen. Na tashi tsaye kamar mai ba da shaida na ba da labarin ambulan da kyankyasai. Da na kai wurin akwatin Kawu, wata tsohuwa a gefe ta ce, "Wayyo."

Abinci kam na ci. Da safe koko mai yaji da ƙosai, irin namu amma ya fi namu faɗa. Da rana shinkafa da wake jajaye a cikin ganye, an ɗora taliya da garin rogo da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi. Na ce wa Alhaji wannan abinci uku ne aka haɗa don a rage wanke-wanke. Dokunu, wani tuwon masararsu, shi ne kawai muka kasa shiryawa da shi, tsaminsa ya yi min kama da gam ɗin Kawu in ya kwana. Kuma duk wanda ka tarar yana cin abinci, ko bai san ka ba, sai ya ce ka zo ku ci. Ni da na ɗauka da gaske ne na ja kujera gaban wani mutum a tasha, sai da Alhaji ya jawo rigata.

Shi ya raka ni Tema. A hanya na hangi wani ƙaton kifi na katako, an yi masa fenti, a rumfar kafinta, kusa da shi ga mota ga zakara. Na ce wannan kayan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne? Alhaji ya ce akwatin gawa ne, masunci a binne shi cikin kifi, direba cikin mota. Na yi salati. Can kuma na ce to ni da a nan aka haife ni, a ambulan za a saka ni. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kamfanin ba wani babba ba ne daga waje. Wadda ke shugabantar ɓangaren shafe-shafen wata mace ce, Madam Efuwa, gajeriya mai tabarau, da farar riga irin ta likitoci. Ina jan ɗan Turancina, inda ya ƙare Alhaji ya ɗora. Da ta ji daga inda na taso sai ta ajiye abin da take yi ta ce in biyo ta.

Jama'a, gani ya kori ji. Inji ne ya fi tirela tsawo. Takarda na shiga ta wannan baki daga wani naɗi da ya kai ni tsayi, ta bi ta ƙarƙashin wani abin birgima da ke shafa mata wani ruwa, ta ratsa ɗaki mai zafi ta fito a bushe, sannan a shimfiɗa mata gam, a sake naɗe ta, wuƙaƙe su yanka ta siri-siri. Madam ta yago min guntun takardar kafin a sa mata gam. Santsi kamar bayan tarwaɗa. Ta ɗiga mata ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara bai bar alama ba. Na gwada biro, ya ƙi rubutu. Ta ce wannan shafen shi ne rabin sirrin: gam na kwanciya a kansa amma ba ya riƙe shi, sai ya zauna yana jira har ranar da za a ɓare. Ɗaya rabin kuma gam ɗin ne kansa. Ba ya bushewa, ba ruwansa da laima, dannawa ce kawai ke sa shi ya kama.

Na ce kyankyasai fa? Ta ce ba abinci a cikinsa, me za su ci? Sai na kawo tambayar da na san Kawu zai fara yi, na ce ba kitsen alade ko ƙashinsa a ciki? Ta yi murmushi ta ce daga sinadaran man fetur ake haɗa shi, kuma ai ba mai lasa. Nan take na tuna masinjojin ofis da azumi, yadda suke yawo da ambulan a hannu suna neman kofin ruwa don kada su kai harshe. Na ce wa Alhaji wannan ko don watan azumi kaɗai ya ci kuɗinsa.

Da ta ga yadda nake rawar jiki sai ta shiga fito min da abubuwa. Ta ɗora wasu takardu biyu ta ce in ja layi da farce a ta sama. Na ɗaga, ga layin shuɗi a ta ƙasa, ba takardar kabon a tsakani. Na juya takardar gaba da baya ina neman inda aka ɓoye shi. Ta kawo wata ta kanga ta jikin kofin shayinta, wurin ya yi baƙi, ta ce da zafi ake rubutu a kanta, ba tawada. Sannan wata leda da ta fi ɓawon albasa siranta, an manne ta a kan takarda. Ta jefa ta cikin bokitin ruwa muka ci gaba da hira, da ta tsamo ta ta goge da riga, ko harafi ɗaya bai jiƙe ba. Ni kuwa ina kallo ina tuna motocin nan na hanyar Lakwaja, kowane mutum a cikinsu zai buƙaci katin shaida. Da ina da fiffike da a ranar na koma Nyanya.

Na sayi tef daidai ƙarfina, aka jera shi kwance a kwalaye, an raba kowane naɗi da ɗan'uwansa da takardar nan mai santsi. Madam ta ɗaga yatsu biyu ta ce abu biyu ne maƙiyansa a hanya, zafin rana da danniya. Ta sa Alhaji ya maimaita min da Hausa. Sannan ta ƙara min naɗi biyu gyara. Waɗannan na naɗe su cikin rigata na sa a jakar hannu, na ce tsarabar Kawu ce, ba za ta shiga cikin kaya ba.

Har Lome kwalayen nan a cinyata suka zo. Na sami Hajiya Asabe ta gama sayayya, ana ɗaure mata diloli. Ta yi murna, ta sa aka kawo min abinci, na ajiye kayana kusa da nata na tafi masallaci. Da na dawo ban ga kwalaye ba.

"Hajiya, ina kayana?"

"Na gyara maka su, ɗana. Kwali ai iska ce kake biya wa kuɗin mota. Na ba mai tuyar doya ta hura wuta. Ga kayanka can cikin atamfa, ko ƙura ba za ta taɓa su ba."

Na duba inda ta nuna. Wasu ƙarti biyu suna tsaye a kan dila suna tattaka ta da ƙafa, na uku yana jan igiya da dukkan ƙarfinsa. Haka 'yan hanyar nan suke yi wa kowane kaya, a matse shi har ya koma rabi. Na ce, "Hajiya, an ce ba a danne shi." Ta ce, "Haba ɗana, tun kana tsumma nake bin hanyar nan. Ko ƙwai na ɗaure ba ya fashewa." Mace ce sa'ar uwata, ta ciyar da ni, ta tsallakar da ni iyaka, kuma don Allah ta yi. Da wane bakin zan ce a kwance? Aka ɗora dilar a kan rufin mota, rana kuwa ranar nan kamar ta san da maganar.

A Seme aka ce a buɗe kaya. Sai ga jami'in nan da ya yi min dariya, ya gane ni, ya ce yawwa, mai gam, nuna min. Aka farke dila. Ya sa hannu ya kama naɗi ɗaya ya ɗaga, sai duk jerin ya biyo shi a dunƙule kamar curin alewa, da turmin atamfa guda manne a gindinsa yana lilo. Gam ya tsattsafo ta gefe-gefe ya haɗe su. Wannan karon bai yi dariya ba, ya ajiye a hankali ya ce in yi haƙuri. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, garin gyaran gira na tsone maka ido." Aka mayar da kaya, muka kama hanyar Legas. Da za mu rabu ta ɓamɓare atamfar nan ta tura min a jaka, ta ce in kai wa matar kawuna, in kuma yafe mata. Na ce ba komai, amma a raina Zariya kawai nake gani.

Na iso Jikwoyi da la'asar ana yayyafi. Akwatin Kawu na nan bakin ƙofa da igiyarsa. Na zube curin a gabansa na gaya masa yadda aka yi. Na jira ya ce ai na faɗa maka, bai ce ba. Sai na buɗe jaka na ce, "Kawu, ga tsarabarka."

Ya juya naɗin a hannu, ya shinshina. Ya ɗauko ambulan da ba a sa wa gam ba, ya manna mata tef ɗin a baki yadda na nuna masa. Sannan ya hura wuta ya ɗora tukunyarsa da ruwa. Da ta tafasa ya riƙe ambulan biyu a kan tururin, tamu ta da a dama, sabuwar a hagu. Tamu ta yi laushi ta rufe bakinta. Sabuwar ta jiƙe ta lanƙwashe, amma bakinta na nan a buɗe. Ya bar ta ta sha iska, ya ɓare ƙyallen, ya danna, ya ja. Takarda ta yage. Sannan ya ce, "Miƙo min waɗancan."

Ya duba curin ta kowane gefe, ya ce, "Ai baki ne kawai ya kama, cikin lafiya lau." Ya aike ni kanti in sayo hodar jarirai. Ya zauna da siririyar wuƙarsa ta yankan takarda, yana zura ta a hankali tsakanin naɗi da naɗi, in ya raba sai ya barbaɗa hoda a gefen ya murza da tafin hannu har danƙon ya mutu. Haka yake yi wa littattafai in gam ya yi musu yawa tun ina yaro. Waɗanda suka fi shan matsa sun tafi, amma mafi yawa sun tsira. Na ce, "Kawu, da tsohuwar zuma ake magani." Ya ce in rufe masa baki in kawo takarda.

Muka yi kwali guda na kai wa Oga Danladi. Wani tsohon masinja da ke wurin ya ɗauki ɗaya, kafin a yi magana ya zaro harshe ya lashe ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan, ya danna, ta ƙi kamawa, ya ce wannan ma ba ta da kyau. Sai da Oga Danladi ya zauna don dariya. Ya ɗauki kwalin da kansa ya kai lungun da ya fi kowane jiƙa a siton, inda bango ya yi kore, ya ce a nan zai zauna har marka ta wuce, sannan a gani.

Ban taɓa jin tsoron ruwan sama irin na wannan lokaci ba. Duk sanda hadari ya haɗo daga wajen Karshi sai in ji kamar a kaina zai sauka. Kawu kuwa kullum zai kwance igiya ya ɗauki riga ɗaya, ya mayar ya ɗaure.

Ranar da amsa ta zo, ba aike aka yi ba. Oga Danladi ne da kansa ya sauko daga bas a Nyanya, yana tsallake taɓo, da ambulan a hannu yana kaɗa ta sama tun daga nesa. "Baba! Habibu! Ko ɗaya bai rufe ba! Kyankyaso ya shiga kwali, ya duba, ya fita da yunwa. Darakta ya ce ma'aikata na kusa da mu ma suna so." Na rungume shi a tsakiyar titi, kunya ta bar ni. Kawu ya karɓi ambulan ɗin ya duba bakinta, ya ce alhamdu lillahi, ya koma ciki.

Da yamma na riga shi barin shago don in biya wurin dillalin takarda. Ko da na isa Jikwoyi, daga nesa na hangi riguna a shanye a ƙofar ɗakinmu. Na matso na ga igiyar akwatin ce aka ɗaura daga taga zuwa bishiyar mangwaro. Kawu na tsugune yana dirzar baƙar tukunyar nan da yashi da toka, har ƙarfenta ya fara haske. Ban taɓa ganin cikinta ba gam ba. Sai na ji wani iri, don ni na jawo aka kashe mata wuta. Na ce, "Kawu, ai ba sai an ajiye ta ba. Ko don ɗinkin littattafai ma dafa kaɗan."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Gobe ka je tasha ka ba direban Zariya atamfar nan ya kai wa Innarka. Ka ce ta ɗinka ta taho da ita a jikinta." Ya kifar da ruwan wankin, ya ƙwanƙwasa gindin tukunyar da yatsa. "Wannan kuma bar ta nan. Ta daɗe tana dafa wa kyankyasai abinci. In Mairo ta zo, ta dafa wa mutane."